Yaya Mai Share Ƙanƙara a Faransa

Asabar, 6 ga Safar 1404, bayan la'asar

Sabo ya kawo mini wannan littafi daga Jami'a tun bara, wai in riƙa gwada hannuna a boko kada abin da ya koya mini ya gudu. Yau na tsinto shi a ƙarƙashin keken ɗinki. Amfaninsa ɗaya ne: duk gidan nan namu na unguwar Sih a Madina ba mai karanta Hausar boko sai ni da mijina Sabo, shi kuwa littattafan hadisi sun ishe shi.

Mun dawo daga mustashfa, wato asibiti, da Baba. Daktur ya duba shi, ya yi masa wasa, ya ce zuciyarsa ta saurayi ce. Sannan ya ja Sabo waje suka daɗe a tsaye. Ta gilashin ƙofa na ga yadda kafaɗun Sabo suka sauka. A mota ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba sai da muka iso gida. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Baba kuwa ko a jikinsa. Muna shigowa unguwa ya tsaya yana yi wa mai tamis faɗa, wai burodin da yake gasawa yanzu bai kai tafin hannun jariri ba. Goggo Ƙaltume, ƙanwarsa, ta tarye mu da kaskon turare, ta yanke hukunci cewa ciwon duk bai wuce shan shayi ba na'ana'a ba. Muna lafiya.

Lahadi, 7 ga Safar, da hantsi

Sabo ya ce dole a sanar da Yaya Abdulsalam. Na ce na sani. Sanar da shi ba wuya, santaral ɗin waya na nan bakin titi. Wuyar ita ce ko sunansa ba a kira a gidan nan tun bara, sai dai a ce "na can".

Bari in rubuta yadda aka yi, ko na ga bakin zaren. Baba Maigandi ya baro Damagaram a ƙafa shi da Inna, Allah ya ji ƙanta. A kan hanya aka haifi Yaya a Fallomi ta Chadi, lokacin ƙasar na hannun Faransa. Ni a nan Madina aka haife ni. Baba ya samu aikin baladiyya, wato hukumar gari, ya yi ta sharar titunan garin nan har gemunsa ya yi fari. Bai taɓa bari mu kai masa abinci wurin aiki ba, don kada mu gan shi da tsintsiya. Ranar da ya ajiye aiki ya hau rufin gida ya cusa ta bayan tankin ruwa, ya ce ita da zuriyarsa sun rabu har abada.

Takardar haihuwar Fallomi ce ta buɗe wa Yaya hanyar Faransa. Ya koyi aikin injinan sanyi, ya samu wuri a wani gari cikin duwatsu, har ya zama ɗan ƙasa. Baba ya riƙa gaya wa kowa a bakin masallaci cewa ɗansa muhandis ne, injiniya guda, har mutane suka fara sauya hanya in sun hango shi.

Sai bara Shittu, ɗan Goggo, wanda ke aiki da Faransawa a Yanbu, ya shigo da wata mujalla yana washe baki. Ga Yaya a ciki, da rigar sanyi mai tutar Faransa a ƙirji, ya sunkuya a kan ƙanƙara da tsintsiya mai doguwar sanda, sak irin ta baladiyya. Wani Bature yana tsaye yana nuna masa wuri da hannu. Shittu ya ce wasa ne, sunansa kurlin, kuma Yaya na cikin gwanaye. Baba ya sa a miƙo masa tabarau, ya duba da kyau, ya ce, "Na ci ƙurar garin nan don kada ɗana ya riƙe wannan abu. Ashe jirgi na sa shi ya je ya riƙe ta a gaban Nasara."

Tun ranar bai ƙara karɓar wayarsa ba. Shittu kuma ya daina kawo mana mujallu.

Talata, 9 ga Safar, bayan azahar

Sabo ya raka ni santaral. Hausar Yaya ta zama kamar kwaɗo, ga Larabci ga Faransanci ga ta Damagaram, amma da ya ce in gaya masa gaskiya da Hausa zalla ya faɗa. Na gaya masa.

Zai zo, sai dai yanzu da fasfon Faransa yake yawo, dole a buga masa biza. Mutumin da ya san kowane lungu na Sih, yau sai da hatimi zai shigo. An ce za a ɗauki makonni. Ga shi kuma an zaɓe shi cikin mutum huɗu da za su yi wa Faransa wasa a gasar ƙasashe ƙarshen watan nan, abin da ya yi shekaru yana nema. Ya ce zai janye. Na ce zaman ƙofar ofishin jakadanci ba zai sa hatimi ya yi sauri ba, ya je ya yi wasansa.

"Raliya, ba tafiyar nake tsoro ba," in ji shi. "In na zo ya juya mini baya fa? In ya tafi bai sa mini albarka ba, ina zan sa kaina?"

Na ce ya bar wannan a hannuna. Ban san wa ya aike ni na faɗi haka ba.

Don kada mu yi kuka a gaban mutane na ce ya bayyana mini wasan. Wai dutse ne mai nauyi da mariƙi a kansa. Mutum ɗaya ya sulala shi a kan ƙanƙara, biyu su bi shi suna goge gabansa da tsintsiya don ya ƙara nisa. Can ƙarshen fili akwai da'ira, sunanta gida, kowa so yake dutsensa ya fi kusa da tsakiyarta. Shi injin da ke daskarar da filin yake gyarawa, wata rana aka rasa mutum ɗaya aka ce ya cike. Ya ce yana kama sandar Turawan suka tsaya kallo, shi kuwa ya san hannun Baba ya gado. Wannan kam ba zan isar ba.

Alhamis, 11 ga Safar, da yamma

Yau na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Na nuna wa Goggo tsohon hoton nan ina yi mata bayani. Ta ƙura ido ta ce wannan ba dutse ba ne, buta ce, ga hannunta nan. Wato Turawa na tura buta, ɗanmu na share mata hanya. Ta ce in dai haka ne ita ma ta isa shiga gasar ƙasashe. Kafin in ankara ta watsa ruwan sabulu a dandamalin tsakar gida, ta zana da'ira da gawayi, ta cika babbar butar shayi da ruwa. Ni na tura, ita ta bi da tsintsiya tana ihu da Larabcin Chadi. Butar ta tsaya a tsakiyar hanya, Goggo ce ta wuce, a zaune, har cikin da'irar.

Ashe Baba na zaune bakin ƙofar ɗakinsa. Ya yi dariya har da hawaye, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce Ƙaltume da girmanki. Ya tambaya wane shirme ne wannan. Na yi ta maza na ce wasan da na can yake yi ne.

Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Ya dubi tsintsiyar da ke hannun Goggo, ya ce in taimaka masa ya koma ciki. Hannunsa ba nauyi ko kaɗan.

Goggo na can tana shafa man zafi a kwankwaso.

Juma'a, 12 ga Safar, bayan sallah

Baba ya ci rabin tamis da ful, dafaffen waken nan. Muna lafiya.

Litinin, 15 ga Safar, bayan magariba

Sabo ya ce shi zai gwada. Ya sa sabuwar riga kamar mai zuwa jarrabawa, ya zauna gefen katifar Baba, ya fara da falalar kawar da abin cutarwa daga hanya, ya gangaro kan baiwar Allahn nan da ke share masallacin Manzo. Ni ina bakin ƙofa ina tsince shinkafar da na riga na tsince.

Baba ya saurara har ƙarshe, don yana son Sabo. Sannan ya ce, "Malam, ni ban ce haram ba ne. Da ita na ciyar da su. Amma ka san me yara ke kirana a titi? Ya kannas. Ba Maigandi ba, ba baffa ba. Kai mai shara. Mutum zai jefar da ɓawon lemo a gabanka bai ma gan ka ba. Na ce ni zan sha wannan, in shanye duka, kada in rage wa ɗana. Yanzu a ce kannas ɗan kannas?"

Sabo ya fito da littafinsa a hammata. Na ce yaya jarrabawa, ya ce sai shekara mai zuwa. Na yi dariya don ya ji daɗi, amma kalmar nan ta kannas ba ta bar raina ba. Ban taɓa sanin suna kiransa haka ba.

Laraba, 17 ga Safar, da safe

Bai ci ba. Ya sha shayi, da na'ana'a, Goggo ta tsaya a kansa.

Asabar, 20 ga Safar, bayan la'asar

Na kai wa Innayatu ɗinkinta a unguwar Aziziyya. Ta rungume ni tana yi mini barka, wai ta ji an yi wa Yaya ƙarin girma, an naɗa shi shugaban masu sharar Faransa baki ɗaya, har za a tura shi ƙasashe ya koya musu. Wata tsohuwa a wurin ta ce ita ta ji ƙanƙarar ma da ake sayarwa a garin nan shi ke share ta kafin a loda. Na buɗe baki zan gyara, sai na ga ban san ta ina zan fara ba, na ce mun gode.

Na lura suna da bidiyo sabo a falo, an rufe shi da mayafi mai ado.

A mota na tuna rigar Baba da zan rage wa faɗi. Wannan ce ta biyu.

Talata, 23 ga Safar, da rana

Sabo na mustashfa tare da Baba. Ba ni da abin rubutawa.

Alhamis, 25 ga Safar, bayan azahar

Su daktur sun ce mu dawo da shi, wai gida ya fi masa. Goggo ta yi guɗa ta ce ai ta faɗa. Ni da Sabo ba mu kalli juna ba.

Na share ɗakinsa kafin a shigo da shi, na ɓoye tsintsiyar a bayan ƙofa. Muna lafiya.

Asabar, 27 ga Safar, da yamma

An fara gasa. Yaya ya ba Sabo lambar masaukinsu, kullum bayan azahar Sabo zai biya santaral ya kawo mini labari. Biza shiru.

Na gano wata dabara. Kicin ɗinmu bango ɗaya ne da ɗakin Baba, kuma Goggo dama kunnenta ya yi nauyi, dole sai an ɗaga mata murya. To ni me ye laifina? Na tsaya gaban murhu na shelanta mata cewa mutanen Suwidin sun lallasa Faransa, ko tausayi babu. Goggo ta ce Allah wadan Suwidin, ko da yake ba ta san ko gari ne ko mutum ba. Baba ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa ya ce mu rage hayaniya, marar lafiya na barci.

Mai barci ba ya ƙwanƙwasa bango, amma na rage.

Litinin, 29 ga Safar, da yamma

Su Yaya sun ci wasa ɗaya, an ci su ɗaya. Na shelanta. Gobe da 'yan Italiya. Sandar ta yi ƙara sau ɗaya kawai, ita ma ba ƙarfi.

Laraba, 2 ga Rabi'ul Awwal, da hantsi

Jiya Sabo ya makara a Jami'a bai je santaral ba, ba a yi shela ba. Yau da safe ina gyara wa Baba matashi, idonsa a rufe, sai na ji ya ce, "Mutanen nan na Italiya, an ci su ko kuwa?"

Na ce wa zai ci su, Baba?

Ya ce, "Oho. Ku kuka cika gida da zancensu."

Na fita da gudu na tura Sabo santaral ko karyawa bai yi ba. An ci 'yan Italiya. Na shelanta wa Goggo har maƙwabta suka leƙo. Sanda ba ta yi ƙara ba.

Juma'a, 4 ga Rabi'ul Awwal, bayan la'asar

An gama. Ba su ci kofi ba, ba su kuma zo ƙarshe ba, suna tsakiya. Yaya ya ce a wurin Faransa wannan abin a yi walima ne. Ni na je wayar yau. Muryarsa ta dushe don ihu. Ya ce an ɗauki wasansu da Italiya a kaset, kuma wani shugaban Shittu na dawowa Yanbu daga hutu, zai ba shi ya taho da shi. Ya tambaya ko Baba ya ce wani abu. Na ce ya tambayi 'yan Italiya. Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, na ce masa layin ba kyau.

Biza shiru.

Talata, 8 ga Rabi'ul Awwal, da asuba

Ya yi sallah a kwance. Ya kira ni da sunan Inna, sannan ya gyara.

Alhamis, 10 ga Rabi'ul Awwal, bayan la'asar

Sai na rubuta wannan tun bai dushe ba.

Shittu ya iso da kaset da hantsi. Sabo ya je Aziziyya ya aro bidiyon su Innayatu, da mayafinsa. Na ce wa Baba duk wuraren sa wuta na gidan sun lalace sai na ɗakinsa, ya yi haƙuri mu kalli wani abu. Allah ya yafe mini. Ya ce mu yi abin da muka ga dama, ya juya ya fuskanci bango.

Hoton ya fito ba launi, Shittu ya ce injinan can da na nan ba sa shiri. Amma ga Yaya, shi kaɗai baƙi a cikin farin fili, ya ƙara jiki, ya yi saje. Goggo ta fara kuka tun kafin a tura buta.

Sai aka saki dutse, Yaya da wani suka bi shi. Ban zaci za a ji ƙarar ba. Shaf shaf shaf, da sauri, ba tsayawa. Na ga kafaɗar Baba ta motsa. Aka saki na biyu. A na uku ya juyo, ya ce a ɗaga shi, a ba shi tabarau.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ina sharar? Wurin nan fes yake."

Na ce ba datti suke kwashewa ba, Baba. Gaban dutsen suke gogewa don ya yi santsi ya ƙara nisa. Wanda ya jefa, da ya saki hannu aikinsa ya ƙare, masu tsintsiya ne ke raka shi.

"In ya ga zai tsaya, ba ya ɗan tura shi?"

Shittu ya ce haram ne a wasan. Ko gefen tsintsiya ya taɓa dutsen, an ɓata shi, sai a fitar.

"Ba ya taɓa shi ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Kawu. Gabansa kawai yake sharewa, har ya shiga gida."

"Gida?"

Shittu ya nuna masa da'irar ya ce haka suke kiranta.

Jifan ƙarshe ya zo. Dutsen na tafiya a hankali kamar tsohuwa da kaya, kowa ya ga ba zai kai ba. Yaya ya kwantar da ƙirjinsa a kan sandar yana goga kamar ransa zai fita, dutsen na biye da shi kaɗan kaɗan, har ya lallaɓa ya zauna a tsakiya. Mutane suka miƙe suna tafi, 'yan wasa suka rungume wanda ya jefa. Yaya na gefe ya dafa gwiwa yana haki.

Baba ya ce, "Wancan suke yi wa tafi."

Na ce e, shi ya jefa.

Ya yi wani ɗan murmushi ya ce haka ne, haka ake yi. Ya ce a mayar baya. Aka mayar. Ya sake cewa a mayar. Hannunsa na dama na motsi a kan bargo, gaba da baya, bai ma sani ba.

Da aka kashe na ce, Baba, gobe zan yi waya, in ce masa me? Ya cire tabarau ya rufe ido ya ce barci yake ji.

Juma'a, 11 ga Rabi'ul Awwal, da hantsi

Ya ce a kunna masa 'yan Italiya. Har yanzu bai kira sunan ba. Innayatu ta aiko a mayar mata da bidiyo, na aika mata da cewa ya yi zafi, sai ya huce.

Litinin, 14 ga Rabi'ul Awwal, bayan azahar

Biza ta fito. Yaya zai sauka Jidda ranar Laraba, Shittu zai ɗauko shi da motar aiki, za su iso Alhamis da hantsi. Na gaya wa Baba kai tsaye, ba ta bango ba. Ya ce ya ji. Shi ke nan abin da ya ce.

Na yi alkawarin da ban san ko na cika ba. Ina tsoro. Goggo ta fara jiƙa gero, wai sai ta yi furar Damagaram ko da Bafaranshe ne zai sha.

Alhamis, 17 ga Rabi'ul Awwal, bayan la'asar

Da safe Baba ya ce a yi masa wanka, a sa masa farar riga. Sannan ya kira Sabo ya ce ya hau rufin gida, bayan tankin ruwa akwai wani abu nasa. Sabo ya sauko da ita duk ƙura da yanar gizo, sandar ta yi baƙi a inda hannu ke kamawa. Baba ya goge ta da gefen bargo. Ba wanda ya tambaye shi komai.

Da muka ji ƙahon motar Shittu a bakin lungu, don mota ba ta shigowa, sai ya ce a tayar da shi. Na ce Baba ba za ka iya ba. Ya ce ba shawara ya nema ba. Sabo ya riƙe shi ta ƙugu, suka fita. Mutumin da bai taɓa yarda 'ya'yansa su gan shi da tsintsiya ba, ga shi a tsakiyar unguwa da rana tsaka, mai tamis da masu shago duk sun fito.

Yaya na tsaye a bakin lungu da jaka a hannu. Da ya ga abin da ke hannun Baba sai fuskarsa ta canza, ya zaci gori ne za a yi masa a gaban jama'a. Ni ma haka na zata, wallahi. Ya ajiye jakar zai durƙusa, Goggo ta yunƙura za ta rungume shi.

Baba ya ɗaga murya, ban san inda ya samo ta ba. "Kada wanda ya taɓa shi sai ya shiga gida."

Sannan ya sa tsintsiya a ƙasa, gaban takalman Yaya, ya fara. Yana ja da baya, Sabo na riƙe da shi, yana share taki ɗaya, Yaya na takowa ɗaya. Ba sauri irin na kaset, a hankali ne, yana tsayawa yana numfashi, Yaya ma ya tsaya ya jira. Hawaye na zuba a sajensa bai share ba. Goggo ta fara cewa ba a share gaban ƙafar mutum, sai ta tuna butarta, ta toshe baki da mayafi tana dariya tana kuka. Lungun nan namu da nake ƙetarewa kafin in gama gyara lulluɓi, yau na ga tsawonsa.

Da Yaya ya tsallake dokin ƙofa, Baba ya jingina tsintsiyar a bango, ya zauna a kan kujerar da na tura masa. Yaya ya zube a gabansa. Baba ya ɗora hannu biyu a kansa.

"Abdulsalam," in ji shi. "Ka kai. Allah ya yi maka albarka, kannas ɗan kannas."

Suna can ɗaki yanzu su biyu, ina jin shaf shaf ta bango, suna kallon 'yan Italiya. Yaya ya fito ɗazu ya ce Baba na son tamis. Na ba shi rabi. Ya dawo ya ce wai a kawo ɗaya rabin.